Ka Miƙa Musu Jakar, Babana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, ina fata ka sauka Kano lafiya, ka tarar da ɗakin kamar yadda aka yi mana bayaninsa, abokan zaman kuma mutanen kirki ne. Ya gajiyar hanya? Allah ya tsare mini kai a shigarka da fitarka, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya sa albarka a karatun nan da ka tafi nema. Babanku yana gaishe ka, ƙannenka ma duk suna gaishe ka.

Ka san ba na iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana. Kai ne ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifina ka ci. Da na ɗaga kai na dube ka sai bakina ya yi nauyi, in ɓige da tambayarka ko ka ci abinci. Shi ya sa na rubuta. Na cusa takardar a aljihun jakar kwamfutar, don na san ita za ka fara buɗewa kafin ka tuna da yaji da ƙuli-ƙulin da na ƙulle maka.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, shi ne yadda kake riƙe jakar nan. Ranar da kake haɗa kaya na leƙo ta taga, na ga ka naɗe igiyarta a hannunka, ka sake naɗewa, sannan ka fizga don ka ji ko ta kama. Kai a ganinka dabara ka yi. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Wanda ya ɗaure jaka a hannunsa haka ya riga ya yanke cewa ba zai sake ta ba, kuma masu ƙwace a garin da ka tafi ba sa tsayawa kwance ƙulli, da wuƙa suke yawo. Ina tsoron kada ka ba da ranka a kan wannan kwamfuta. Saboda haka ka zauna ka karanta, in gaya maka ko mece ce kake ɗauke da ita, don na riga ka amfani da irinta, kuma duk abin da na sani a kanta da kuskure na koya.

Lokacin da aka ɗora mini shirya jarabawar ɓangaren mata a Islamiyyarmu, na gaji da bin layi a shagon buga takardu, a jagwalgwala mini Larabci, in dawo ina gyara da biro. Sai na yi wa Kawunka Sagiru, ƙanena, magana, tunda shi ne mai harkar wayoyi a birni. Ya zo mini da wata 'yar siririya, ta hannu, har da ragowar tambarin wata makarantar ƙasar waje a bayanta. Da Babanku ya ji kuɗinta sai ya yi dariya.

"Malama, abin da bai kai kuɗin tunkiya ba, wane karatu zai iya?"

Kawunka ya ce, "Yaya, ki saurare ni da kyau. Wannan ba irin ta ofis ba ce. Burauza ce kawai aka yi wa gangar jiki, wato ƙofar shiga intanet. Duk abin da kika rubuta ba a cikinta yake zama ba, can yake tafiya cikin akawun ɗinki."

Na ce masa "to." Wallahi ban gane ko ɗaya ba. Ina jin nauyin in ce wa ƙanena ya maimaita a gaban mijina, ni da ake kira Malama, mata suna durƙusawa su gaishe ni. Wannan "to" ɗin shi ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga shi suka fito. Don haka in malami ko abokin karatu ya yi maka bayani ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Kana da wannan halin nawa na gyaɗa kai don kada a raina ka, na sha lura.

Ba zan ci amanarta ba, ta yi mini aiki. Ba ta da nauyi, na sha mancewa tana cikin jakata. Kana ɗaga murfinta, kafin ka gama bisimilla ta farka. In na cika ta da caji a 'yar solar gidanmu da safe, sai ta kai ni har bayan la'asar, alhali ta shugaban makarantarmu mai tsada, in aka ɗauke wuta, ko taron malamai ba ta iya ƙarasawa. Tasa ta sha kamuwa da cutar nan ta kwamfuta mai cinye takardu, tawa kuwa ko mura ba ta taɓa yi ba. Tana rubuta Larabci tsaf har da wasulla. Ga ɗalibi irinka, mai karatu da rubutu da bincike, ta isa ta yi yawa. Har na fara yi wa shugaban namu kallon tausayi.

Ƙauyen Gude ne ya sauke mini girman kai. Akwai ajin matan aure da muke kula da shi a can, na tafi yi musu jarabawa, ban ɗauki ko falle ɗaya ba, don na ce ai komai yana cikin na'ura. Mata sun cika tabarmi, wasu da goyo, wasu sun baro tukunya a kan wuta. Na buɗe, na danna sunan takardar, ta ƙi fitowa. Ashe a wannan gefen garin babu sabis, ita kuma da wayata nake jona ta. Na danna, na sake dannawa, gumi yana bin bayana. Wata tsohuwa a sahun gaba ta dube ni da tausayi.

"Malama, ko a kawo ruwa ki tofa mata?"

Aji ya kwashe da dariya. Na fita da kwamfuta a hannu ɗaya, waya a ɗaya ina ɗaga ta sama, na bi bayan gari har bakin gonaki. A ƙarshe kan wani amalanke na hau, da hijabina da shekaruna, yara suna kallo, kafin sanda ɗaya ta sabis ta leƙo. Da na dawo rabin matan sun koma gida.

A lokacin abin kunya na ɗauke shi. Yanzu da kai ne za ka riƙe ta a birni, abin tsoro ya zame mini. Babban aibin wannan kwamfuta shi ne tana fitar da mutum waje. In sabis ya yi rauni a ɗaki, ko data ta ƙare, sai ta zama kamar faranti, kai kuma ga aikin da malami yake jira. Za ka ji an ce a bakin titi kaza sabis ya fi ƙarfi, ko a jikin katangar wani gini ana samun na kyauta. Za ka je ka zauna, fuskarta tana haske, idonka yana kanta, ba ka ganin mai zuwa ta bayanka. Kada ka yi, Babana. Akwai yadda ake yi wa takarda alama ta zauna a cikin na'urar ko babu sabis, na nuna maka, ka riƙa yi tun kana cikin makaranta da rana, cikin mutane. In aiki ya ƙi tafiya, ya kwana. Gara a rage maka maki.

Kuskure na gaba, na ga shugabanmu yana da wata manhaja da take lissafa rabon gado, na ce sai an sa mini. Aka kawo a filas, ɗan abin nan na ajiye bayanai da ake sokawa a jikin kwamfuta, ta ƙi karɓa. Na ɗauka lalacewa ta yi, na yi ta yawo da ita a kasuwar Gwarzo daga wannan mai gyara zuwa wancan, kowa yana juya ta yana taɓe baki, har wani ya ɗauko sukundireba zai farke ta. Da na kira Kawunka ya ce lafiyarta ƙalau, irin waɗannan manhajojin ne ba a yi ta dominsu ba. Kai ma za ka haɗu da haka. Wata rana malami zai ce kowa ya sa manhaja kaza, taka ta ƙi. Ka tafi ɗakin kwamfutocin makaranta ka yi aikinka a can. Kada ka ari mai tsada ta wani ka riƙa yawo da ita, don na san ka, in kayan mutane ne a hannunka ka fi taurin kai. Cikinta kuma ƙarami ne, ba ta ɗaukar tarkace, in ka buɗe shafuka da yawa sai ta fara jan ƙafa, ga cin data in ka sake mata. Murfin ma ka bi shi a hankali, roba ce. Kawunka ya ce akwai lokacin da masu ita za su daina aiko mata da gyara, daga nan sai tsufa. Ka ga ko ba a sace ta ba, ba abar gado ba ce.

'Yan ajinku za su yi maka dariya, su ce ta 'yan firamare ce. Ka taya su. Ka faɗa wa kowa arharta, a ɗaki da aji da wurin mai shayi. Da da hali da na rubuta kuɗinta a bayan jakar da manyan baƙaƙe, ko mai niyyar tare ka ya karanta ya ji ba ta kai wahalarsa ba.

Sai maganar aro. Ka san mu nan ba a hana maƙwabci abu. 'Yar maƙwabciyarmu ta zo za ta cike takardar neman makaranta, na miƙa mata a buɗe, da akawun ɗina da komai. Kafin a raba sakamako, unguwa duk ta san matar wane ce ta faɗi a tajwidi. Har yau akwai wadda ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Ban ce ka hana aro ba, hani a ɗakin haya gaba yake jawowa, ni kuma ba na son ka da maƙiyi ko ɗaya a inda ba ni da ido. Amma akwai ƙofar baƙo a fuskar farko ta kwamfutar, wadda mutum zai shiga ya yi aikinsa ya fita bai ga naka ba. Ka fita daga naka, ka buɗe masa wannan.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro, da wannan hannun da ba ya riƙe shi daidai.

Malam, kakanka, ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a zaurensa a garin Durun. Ya bar gafaka cike da takardu: Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, da bayanan fiƙihu da ya yi ta yi a gefen shafi, da waƙoƙinsa na wa'azi da ajami. Yayyena suka ce takardun Malam ba sa barin ɗakin Malam. Shi ne wani hutu muka tafi ni da kai, kana ɗaukar hotonsu shafi-shafi da wayata, ina juya maka, sannan Kawunka ya kwashe su daga wayar, ya jera mana su muna buɗewa a kwamfutar. Damina ta gaba rufin ɗakin ya yi yoyo ba wanda ya lura. Ruwa ya shiga gafakar, tawada ta narke, gara ta ƙarasa saura. Daga ranar, a tunanina, duk abin da ya rage na hannun ubana a duniya yana cikin wannan 'yar robar. Na daina ajiye ta a ƙasa. Na ɗinka mata riga. In zan yi tafiya, da ita nake tafiya, don ban yarda in bar ta a gida ba.

Ka san na je taron malamai a birni aka tare ni. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda abin ya faru, don ban taɓa iya ba ka labarin ba. Bayan la'asar ne, rana tana nan sarai, ina cikin adaidaita sahu za ni tashar motocin Gwarzo, ni da wata mata da ban sani ba. Muka shiga cunkoso, direba ya rage gudu. Sai ga samari biyu, ɗaya ta kowane gefe. Na gefena bai girme ka ba. Ya ɗaga rigarsa ya zaro wuƙa, ya yi magana a hankali kamar mai tambayar hanya.

"Hajiya, kawo jakar."

Matar da ke kusa da ni tuni ta miƙa wayarta. Direba ya ɗaga hannuwa sama, ko waiwayowa bai yi ba. Ni kuwa na rungume jakar a ƙirjina.

Na ce, "Ɗana, ka yi wa Allah. Takardun ubana ne, akwai Alƙur'ani a ciki."

Na ɗauka in ya ji haka jikinsa zai yi sanyi, don duk wanda na sani a rayuwata in aka ambaci Alƙur'ani yakan ja baya. Na dubi idonsa na ga babu kowa a ciki, ya sha abin da ya sha. Ya ja, na ja. Igiyar tana rataye a hannuna, sai ya sa wuƙar ya yanke ta, ya haɗa da hannun. Ban ma ji zafi ba a lokacin, sai ɗumi da na ji yana bin hijabina. Kafin in ɗaga kai sun shige lungu.

Matar nan ta cire ɗankwalinta tana ɗaure mini hannu, tana yi mini faɗa.

"Baiwar Allah, a kan jaka? Ba ki da 'ya'ya ne?"

Na ce mata ba za ta gane ba. A asibiti mai ɗinkin ta ce da wuƙar ta ƙara matsawa kaɗan, da jijiyar da ba a wasa da ita ta samu, kuma da wuya in kai wurinsu. Na ji ta, amma ba a nan hankalina yake ba. Kukan da nake yi na Malam ne, ji nake kamar a ranar ya rasu, kuma ni na bari aka tafi da shi.

Na dawo gida na kwanta, abinci ma sai Babanku ya tsaya a kaina. Da Kawunka ya zo dubiya ya ji abin da nake wa kuka, sai ya fita ya ɗauko tasa kwamfutar a mota.

"Yaya, kina tuna kalmar sirrinki?"

Na ce ina tunawa. Ya ɗora mini a cinya, na danna da hannun hagu ina kuskurewa. Sai ga rubutun Malam ya cika fuskar, shafin farko, har da wurin nan da jan goro ya ɗiga a gefe. Na wuce na biyu, na wuce na uku, na tafi can ƙarshe. Babu abin da ya ɓata. Jarabawoyina ma suna nan, har wadda na bari ban gama ba.

Na ce, "To me suka ɗauka?"

Ya ce, "Roba da gilashi. Ko buɗe ta ba za su iya ba sai sun goge ta. Yaya, ai na gaya miki tun ranar farko."

Kana tsaye a bakin ƙofa ranar, ka gani da idonka. Kowa ya yi ta hamdala, ni ma na yi, amma ba daɗi na fara ji ba. Sanyi ne ya ratsa ni. Na dubi Auta tana wasa a tsakar gida, na ce ashe saura kaɗan in mayar da yarinyar nan marainiya a kan fanko. Har yau ƙaramin yatsana da na kusa da shi ba sa lanƙwasawa, alli ma da dabara nake riƙewa.

Wannan ita ce falalar kwamfutar nan da ta fi duk sauran, kuma ita ce mutane ba sa faɗa in suna tallarta. Abin da yake sa ta zama faranti in babu sabis, shi ne yake sa ɓarawo ya tafi da iska. Wadda ke hannunka, da Kawunka ya sake kawowa na ba ka, haka take ita ma. In ta faɗa rijiya yau, gobe ka zauna a gaban wata, ko ta aro, ko ta shago, ka sa kalmar sirrinka, komai naka ya dawo.

Za ka ce ai ka sani. Na yarda kanka ya sani, ka ma fi ni iya bayaninsa. Hannunka ne bai sani ba. Ina kallonka: ba ka ɗora ta inda ake ajiye takalmi, a saman kabad kake sa ta inda muke sa Alƙur'ani, kuma sai ka yi alwala kafin ka buɗe shafukan Malam. Ni na koya maka, ban kuma yi nadama ba. Kana ƙarami ka taɓa barin takardar Malam a ƙasa ka tafi ƙwallo, na ja maka kunne har ka yi kuka, na ce a gidan nan ba a wasa da rubutu. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Malam. Wannan ladabi ne mai kyau, ka riƙe shi ga takarda. Amma kwamfutar nan ba gafaka ba ce, taga ce kawai da ake leƙa rubutun ta ciki. In an tafi da taga, ba a taɓa rubutun ba.

Akwai kuma maganar da ka yi a asibiti, kana zaton barci nake. Ka ce wa Kawunka, "Da ina wurin, sai dai su bi ta kan gawata." Babana, tun daga ranar maganar nan take zaune a ƙirjina. In ina tuƙa tuwo ta faɗo mini sai in ji muciya ta yi nauyi. Na san ba cika baki kake ba, shi ya sa take ba ni tsoro. Kai ba ka iya ƙarya ba, kuma zuciyar gidanmu gare ka, irin wadda ba ta tashi sai a inda bai kamata ba.

Na san kuma abin da za ka jawo mini. Za ka ce akwai karatu a kan darajar wanda aka kashe yana kare dukiyarsa. Na san shi, ni na biya maka shi a tsakar gida. Amma ka koma ka duba abin da malamai suka yi bayani: dama aka ba mutum, ba a ɗora masa dole ba, kuma wanda ya saki dukiya don ya tsira da ransa bai yi laifin komai ba. Ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi a can. Bin maganar uwa kuwa a abin da ba saɓo ba, kai ma ka san matsayinsa, ba sai na biya maka ba. To ni ban roƙe ka ba, umartarka nake. Ban yafe ba in ka yi kokawa da mai wuƙa a kan jaka, ko waya, ko kuɗin makaranta, ko wani abu da ake saya a kasuwa.

In kuma kunyar a ce an yi maka ƙwace ce take damunka, ka bar wannan. Babanku da kullum yake ce mini in bar yaro ai namiji ne, da ya ga ina rubutu ya tsaya a kaina ya ce, "Ki sa masa ni ma na ce. In an karɓe, buhun dawa zan fitar in sayo wata, ba wanda zai ji." Ka san shi da dawarsa, ka san ba ƙaramar magana ya yi ba.

Na san akwai rami ɗaya da ya rage da za ka ɓuya a ciki. Za ka ce to in suka haɗa da wayar, suka ce sai ka faɗi lambar buɗe ta, ai ta nan za su kai ga akawun ɗin su lalata takardun. Na riga ka zuwa wurin. Na sa Kawunka ya kwafe takardun Malam gaba ɗaya a filas, yana cikin akwatina a ƙasan zannuwa, ya kuma ajiye wani kwafin a nasa akawun. Saboda haka in sun tambayi lamba ka faɗa musu daidai tun karon farko, kada ka yi musu wayo, don mai maye ba ya haƙuri da wanda ya raina masa hankali. Daga baya a canza duk abin da ake canzawa.

Ga yadda nake so ka yi. Ka rataya jakar a kafaɗa ɗaya, sako-sako, yadda in aka fizga za ta zame ba tare da ta ja ka ba. Kada ka fito da kwamfutar a abin hawa, kada ka yi tafiya da abin sauraro a kunne. Ka koma ɗaki kafin magariba in ba dole ba. In duk da haka Allah ya ƙaddara suka tare ka, kada ka yi musu wa'azi kamar yadda na yi, kada ka ƙura musu ido, kada ka ce ka gane wani. Ka miƙa, ka ja baya, ka bar su su tafi, kada ka bi su, ko da jama'a sun taso suna ihu. Sannan ka nemi wayar wani ka kira ni. Ka haddace lambata, don wanda ya haddace izu sittin ba shi da hujjar mance lambar uwarsa. Wallahi in ka kira ka ce, "Umma, sun karɓe," babu abin da za ka ji daga bakina sai hamdala, kuma ranar sai na yi sadaka.

Na yi tunanin in hana ka tafiya da ita gaba ɗaya. Na ga ba zai yiwu ba, karatun yanzu ba ya yi sai da ita, kuma ba ni da wadda ta fi ta dacewa da kai: mai arha, mai riƙe caji, wadda in ta tafi ba ta tafi da komai ba. Ita an yi ta ne yadda za a iya rasa ta a wayi gari a ci gaba da aiki. Takardun Malam suna akwatina, suna wurin Kawunka, suna kuma can wani wuri da ban san ko ina ne ba. Kai kuwa, Babana, babu inda aka ajiye mini kwafinka.

Na bar ka a hannun Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Ya tsare gabanka da bayanka, ya kau da idon azzalumai daga kanka, ya sanyaya maka zuciya a lokacin da za ta tashi, ya dawo mini da kai da ƙafafunka, ko da hannu wofi ne. Ka gaida abokan zamanka, ka riƙe salla a kan lokaci.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
daga Gwarzo.